Kayan Damiyan a Zauren Fatoma Halliru

Masu ba da tarihin makarantar nan ta 'yan Katolika, wadda daga baya ta koma birni ta yi benaye har ta zama babbar sakandare, sukan fara labari daga ranar da aka aza tubalin farko. Su dai suka sani. Tsofaffin Illela kuwa in sun ji haka sai su yi murmushi, don nasu labarin ya girmi tubali nesa ba kusa ba. A ɗakin ajiye gishiri makarantar ta fara, a gidan wani Musulmi mai taurin kai da ake kira Fatoma Halliru ɗan Maccido.

A lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Ingilishi da Faransi sun ja iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, sun kafa ɗan bariki da tuta, sun zuba akawuna da 'yan doka. Fatake dai ba su fasa hanyarsu ba. Raƙuma na gangarowa daga Adar da gishiri da kanwa da dabino, jakuna na haurowa daga kudu da goro da tufafi. Duk wanda ya iso kuwa yana bukatar fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya tsaya a tsakani ya ce kayan nan na shaide su.

Wannan shaida ita ce dukiyar Halliru. Ba ya yabon kayan da bai zazzage ba. A kawo huhun goro, sai ya sa a kwance shi har ganyen ƙarshe, don ya san halin 'yan kasuwa, manya a sama, tsutsa a gindi. A kawo kantun gishiri, sai ya fasa ɗaya ya lasa. Fatake su yi ta ƙunƙuni kan wannan jinkiri, amma baɗi su dawo, domin in Halliru ya ce kaya na da kyau ba mai sake kwancewa har Sakkwato. Tun zamanin ubansa Maccido ba a taɓa korar baƙo daga gidan nan ba, ba a kuma taɓa yin shaidar ƙarya a zaurensa ba. Taƙamar Halliru ke nan, kuma wallahi takan yi yawa, in ya fara zancen ubansa sai ka nemi wurin zama.

Wata rana da hantsi, bayan an gama girbin gero, wani dogon mutum siriri ya yi sallama a ƙofar zaure. Yana jan jaki ɗauke da akwatin ƙarfe, leɓunansa sun bushe har sun tsage. Al'adar gidan ita ce ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Halliru ya ɗebo daga randa ya miƙa masa da hannunsa, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Baraka a dama fura. Mutumin ya sha ruwa, ya kafa kai ya shanye fura, ya yi godiya da irin Hausar mutanen bakin Kwara. Da ya sunkuya zai ajiye ƙwarya sai wani ɗan gicciye na ƙarfe ya zamo daga wuyan rigarsa yana lilo.

Halliru ya dubi gicciyen, ya dubi ƙwaryar da ba ta da sauran komai. Ya yi gyaran murya.

"Baƙo, daga ina anka hito?"

"Daga Lakwaja, ranka ya daɗe. Sunana Damiyan."

"To, Damiyan, mi ka kawo muna? Ban ji ƙanshin goro ba."

Baƙon ya buɗe akwati. Ƙananan alluna ne baƙaƙe na dutse, da alli, da littattafan Nasara. Ya ce limaman Katolika ne suka rene shi suka koyar da shi, su ne kuma suka aiko shi ya karantar da 'ya'yan akawuna da 'yan dokan da ke bakin iyaka, waɗanda yawancinsu 'yan kudu ne Kiristoci. Ya je bariki, Bature ya ce ba a gina gidan mishan a ƙasar Sarkin Musulmi, ba ya son fitina, in wani ɗan gari ya yarda ya sauke shi dai ruwansa. Ya zaga gidaje da dama, kowa ya nuna masa hanya.

"Su sun tambaye ni kafin su ba ni ruwa," in ji Damiyan. "In na jawo maka damuwa, sai in ƙara gaba."

Kai, da ma bai faɗi haka ba! Halliru ya miƙe har rawaninsa na neman zamewa.

"Ƙara gaba? Da hurata cikin cikinka? So ka kai a ce gidan Maccido ya hwara korar baƙi ga hannuna? Ɗauki akwatinka. Akwai ɗakin gishiri can baya, a share ma."

Ya faɗi haka da ƙarfi, amma ya san halin mutanen garinsu.

Ba a daɗe ba yara suka fara zuwa. Ɗan babban akawu da takalminsa, 'ya'yan 'yan doka, ɗan kukun Bature da ƙaton ciki, duk suna bi ta ƙofar baya su zauna a kan tabarmi tsakanin bangon da gishiri ya cinye. Da safe sai a ji sun yi wata waƙa a hankali, daga nan sai haruffa, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa murya. Gari ya ɗauka. A masallaci mutane suka riƙa gaishe da Halliru a taƙaice. Fatoma Yari, wanda gidansa ke ɗaya gefen kasuwa kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu kan baƙin Halliru, shi ya fi kowa nuna baƙin ciki, har da girgiza kai da salati.

Ana cikin haka ayarin Madugu Junaidu ya iso daga Adar. Junaidu tsoho ne mai tsawon gemu, tun yana saurayi yake sauka a gidan nan, kuma inda ya sauka nan sauran ayarin arewa ke sauka. Raƙuma na durƙusawa ke nan yara suka kece da karatu daga baya. Madugu ya tsaya cak da akala a hannu.

"Ɗan Maccido, mi ni ka ji haka?"

"Baƙo na, Madugu. Ya sha ruwa kahin in san ko wane ne."

"An hwaɗa min tun Ƙonni, ban yarda ba. Sun ce ka aje mai sace ɗiyan mutane shi mai da su Nasara. Ni ba ni aje kayana inda aka wanga aiki. Ko shi hita, ko mu hita."

Halliru ya ji maganar har ƙashinsa. Ayarin nan shi ne abincin gidan na shekara. Amma ya daure ya ce, "Madugu, ka taɓa ganin na yanke ma kaya hukunci ban zazzage ba? Shi ma kaya ya kawo. Ka ba ni lokaci in ga gindin huhu. In ruɓa ta, ni da bakina za ni hwaɗi gaban jama'a, in raka shi har bakin gari da guzuri nai. In ba ruɓa ba ta, haka za ni hwaɗi."

Junaidu ya ja gemu. Ya ce ya ba shi lokaci har ranar da zai gama sayar da kanwarsa.

Washegari da sassafe Halliru ya ɗauki buzunsa ya nufi ɗakin gishiri. Baraka na tsakar gida tana tankaɗe, ta bi shi da kallo.

"Maigida, ina zuwa da buzu?"

"Duba kaya."

"Allah Sarki! Sai ka tahi da ɗan ƙosai, an ce masu ƙoƙari ka samun hutu da wuri."

Ya wuce abinsa. Ya shiga, ya shimfiɗa buzu a bayan ɗan kuku, ya harɗe. Yara suka yi tsit, Damiyan ma alli ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Halliru ya ce masa ya ci gaba da abin da yake yi kullum, kada ya ƙara kada ya rage, don shi ya san dabarar mai kaya in ya ga fatoma.

Haka ya yi ta zuwa kowace safiya, ƙaton mutum da rawani a cikin 'yan tayi-tayi. Gari ya sami abin dariya, aka ce Halliru ya shiga aji, 'yan kasuwa na tambayarsa ko ya ci jarrabawa. Shi kuwa ido kawai ya zuba. Ya ga yadda suke durƙusawa da safe su yi addu'arsu, ya kau da kai yana tasbihi a zuci har su gama. Ya ga ana koya musu haruffa da ƙidaya, irin waɗanda ake rubuta takardar ƙetare iyaka da su, takardar da fatake ke karɓa su riƙe a kife ba su sani ba. Ya ga ranar da ɗan babban akawu ya ture ɗan kuku daga gaba, Damiyan ya komar da ɗan takalmin baya, ya bar shi can har aka tashi, bai damu da ko ubansa zai ji haushi ba. Ya ga yana wanke wa wata yarinya gyambo da ruwan zafi da gishirin da ya kankaro daga bango, tana ihu yana lallashinta. Abin haushi ma, ba da niyya ba, sai Halliru ya tarar ya gane harafin farko na sunansa, ya yi ta jin kunya kamar ya ci abin sata.

Duk wannan saman huhu ne, shi ma ya sani. Wata rana da yara suka watse sai ya ƙi tashi.

"Damiyan, zauna. Na ga na sama, kuma ba laihi. Yanzu gwada min na ƙasa. Mi sunka aiko ka yi, tsakaninka da Allah?"

Damiyan ya zauna a kan akwatinsa, ya goge alli daga hannunsa.

"Ranka ya daɗe, abin da suka ce mini shi ne, duk yaron da ya shigo ƙofar nan, ɗan akawu ne ko ɗan mai shara, in koya masa karatu da lissafi, ya ji tsoron Allah, ya tashi ya yi wa mutane amfani. Ba a korar kowa don talauci, ba a korar kowa don addinin ubansa."

"Wanga na ji. Saura."

Damiyan ya yi shiru kaɗan. Halliru ya san irin wannan shiru, nan ne mai kaya yake shawara da zuciyarsa ko ya ɓoye ko ya fito da shi.

"Saura kuwa, ni Kirista ne, waɗanda suka aiko ni ma haka. In na ce maka ba za mu yi murna ba idan wani ya ga hanyarmu ya bi, na yi maka ƙarya. Wannan yana cikin kayan, ba zan ce babu ba. Amma ba na sata. Yaron da ubansa ya kawo don karatu, karatu zan ba shi. Ba zan durƙusar da shi a addu'armu ba, ba zan zagi abin da aka koya masa a gida ba."

Halliru ya daɗe yana kallonsa. Shekara da shekaru yana zazzage huhu, kuma da wuya ya ga mai kaya ya sa hannu da kansa ya fito da abin da ke gindi ya ce ga shi. Ya naɗe buzunsa ya fita, ya ce wa Damiyan ranar Lahadi in ya gama ibadarsa ya fito zaure.

Lahadi ita ce kasuwar Illela, don haka ƙofar zaure ta cika maƙil. Madugu Junaidu na zaune a gaba da manyan ayarinsa, Liman Maharazu na gefe da carbi, Yari ma ya zo, wai wucewa yake yi. Damiyan na tsaye jikin bango. Halliru ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya tsaya inda yakan tsaya in zai shaidi kaya.

"Jama'a, na zazzage kayan baƙona har ƙasa. Na sama karatu na da ƙidaya, kuma masu kyau na, ban ga algus ba. Mutumin ga ba shi bambanta ɗan mai shi da ɗan maras shi. Na ƙasa kuwa addini nai na. Shi da bakinai ya ce zai so a bi shi, bai ɓoye ba. Ya kuma ce ba shi cusa ma ɗan kowa. Na zauna na duba, ban kama shi da ƙarya ba. Wanda ka son na sama shi saya, na shaide shi. Na ƙasa ba na sayarwa ba na gidan Maccido. Baƙona kuwa ba inda za shi."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wasu sun so ya kore shi, wasu sun so ya wanke shi tas, ga shi bai yi ko ɗaya ba. Liman Maharazu dai ya ce mutum ya faɗi abin da ya gani, ba a neman fiye da haka daga mai shaida. Sai Madugu ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ɗan Maccido, na san ubanka. In mai saye ya yi shakkar gishiri, Maccido ba shi tsayawa dogon zance, sawa shi kai a zuba ga miyar gida nai a ci gaban mutum. Kai ka ce kayan ga na da kyau. To, ina Mukhtari? Ka saya mai?"

Mukhtari shi ne ɗan Halliru, shi kaɗai ya tsaya masa cikin 'ya'ya maza, bai fi shekara tara ba, yana karatun allo a wurin Liman. Halliru ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa amsa a zauren nan ba, ranar nan sai ya rasa. Ya rufe bakin.

Madugu ya miƙe a hankali, ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce a ɗaura kaya. Halliru na tsaye raƙuma suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna gurnani, aka ja su ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan Yari. Kafin la'asar masu jakunan ƙauyukan Garu da Amarawa ma sun bi su.

Gida ya yi fayau. Baraka ta wanke babbar tukunyar baƙi ta kife a bayan rumbu, ta koma girki a ƙarama. Rashin ayari ya dami Halliru, amma ba shi ya hana shi cin abinci ba. Maganar da ke yawo a gari ita ce ta hana shi, wai Halliru ya yabi abin da ba ya iya ci. In haka ne, to shaidarsa ta zama irin ta kowa, ta fatar baki. Ya rame, ya daina zancen ubansa, wanda hakan kaɗai ya isa a san ba lafiya.

Wata yamma Baraka ta kawo masa tuwo, ta ga na rana ma bai taɓa ba. Ta zauna a bakin tabarma.

"Maigida, in tambaye ka. Abin da ka hwaɗi gaban mutane, gaskiya ta ko kunyar baƙo ta?"

"Ke ma kin hwara? Gaskiya ta."

"To mi ka hana ka?"

Ya ce, "Tsoro ni ka ji, Baraka. Shi ɗaya na gare mu. In na yi kuskuren goro, goro na ya ɓaci. In na yi kuskure nan fa?"

Hawaye suka cika mata ido, ba ta share ba. "Ni na haihe shi, tsorona ya hi naka. Tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba. Amma tun da anka kawo ni gidan ga ban ga idonka ya ruɗe ka ga kaya ba. In ka gani da kyau, ka gani. In ba ka gani ba, ka hita ka gaya ma mutane ka yi ƙarya, mu huta. Zaman tsakiyar ga shi ka kashe ka."

Ta tashi ta bar shi da tuwon. Ya ci kuwa, har ya suɗe kwano.

Da gari ya waye, bayan Mukhtari ya dawo daga wurin Liman, Halliru ya kama hannunsa suka nufi ɗakin gishiri. Suna zuwa suka tarar da jaki a ƙofa, an ɗaure akwatin ƙarfe da igiya, yara na tsaye cirko-cirko, ɗan kuku na kuka. Damiyan ya fito da sandar tafiya.

"Mi ke nan?" in ji Halliru.

"Ranka ya daɗe, na ga abin da zamana ya jawo maka. Gidanka ya mutu saboda ni. Zan koma in gaya musu nan bai yiwu ba. Allah ya saka maka."

Ai sai Halliru ya hau shi da faɗa, har kaji suka watse.

"Wa ya sallame ka? A garinku haka aka yi, baƙo shi ɗaure kaya shi sulale ba da sanin maigida ba? Na rasa ayari, na rasa abokin ubana, na zama abin dariya ga kasuwa, sa'an nan ka tahi a ce da ma ƙarya na shaida? Kwance igiyar ga tun ban kwance ta da wuƙa ba!"

Damiyan ya kwance igiyar. Sai a lokacin ya lura da yaron da ke tsaye bayan babbar riga. Halliru ya turo shi gaba, muryarsa ta sauka.

"Ga Mukhtari. Shi kaɗai gare ni. Ka ba shi na sama, duka, kada ka rage mai don ɗana na. Na ƙasa kuwa ka san abin da ka ce."

"Na sani," in ji Damiyan. "Na karɓi amana."

"Baba, kai ma za ka zauna?" Mukhtari ya tambaya.

"A'a. Na gama dubawa. Shiga."

Bai zauna ba kuwa, ko da yake ƙafafunsa sun so. Fatoman da ya shaidi kaya ba ya komawa yana leƙe. Ya fita zaure ya zauna shi kaɗai a inda fatake kan cika, yana fuskantar hanya. Kafin hantsi labari ya kai kasuwa. Mutane suka riƙa wucewa suna satar kallonsa, wani ya yi salati, wani ya ce Halliru ya haukace, wani tsoho daga Darna ya tsaya ya gaishe shi da hannu biyu ya wuce. Daga baya yana jiyo muryoyin yara, har ya tsinci ta ɗansa a ciki, tana bin haruffa a makare. Ya ɗaga kai yadda ya saba, ya gyara rawani.

Rana ta take. Ladan ya kira azahar.

Halliru ya ji kiran har tsakiyar kansa. Ajin ba ya tashi sai rana ta karkata, shi ya fi kowa sani, tun da ya zauna a cikinsa. Bai yi wa Damiyan zancen salla ba, ya manta ƙwarai, kuma yanzu in ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya nuna bai yarda da shaidar kansa ba. Ya zauna daram, ya dafa gwiwa, zufa na bin wuyansa. Karatu bai tsaya ba. Ladan ya kai ƙarshe, karatu na nan.

Sai ya ji an ce wa yara su ci gaba da maimaitawa, ƙyauren baya ya yi ƙara. Mukhtari ya ɓullo ta soro yana gyara hula, yatsunsa fari fat da alli. A bayansa ga Damiyan, riƙe da buta cike da ruwa.

"An kira salla, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ya wanke allin tukuna. In kun idar ka turo mini shi, bai gama layinsa ba."

Ya ajiye butar a gaban yaron ya juya. Halliru ya miƙe. Ya jira Mukhtari ya gama alwala, ya yi tasa da sauran ruwan, ya kama hannun ɗansa. Bai bi ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya bi, ta ƙofar gidan Yari inda raƙuman Madugu ke kwance, yana tafe a hankali yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba, har suka isa masallaci.